Da Tsohuwar Zuma Ake Magani? Tarihin 'Yan Rak da Makomar Max Gawn

Kakar 2025 ta bar ƙungiyar Melbourne cikin wani hali. Ta ƙare a matsayi na 14 cikin ƙungiyoyi 18, ta sallami kocinta Simon Goodwin tun kafin kakar ta ƙare, sannan ta rabu da manyan 'yan tsakiyarta biyu: Christian Petracca ya koma Gold Coast, Clayton Oliver ya koma GWS. Wanda ya rage cikin manya shi ne kyaftin Max Gawn, wanda aka haifa ranar 30 ga Disamba 1991. A wannan shekarar da komai ya lalace ne aka saka shi cikin tawagar gwanayen shekara ta Ostireliya karo na takwas, yana da shekara 33.

Tambayar da ke gabanmu ita ce: ƙungiyar da za ta fara gini daga tushe, me ya kamata ta yi da tsohon ɗan rak irin wannan? Ta riƙe shi har ƙafarsa ta gaza, ko ta fara janye shi don yaro ya samu fili? Kafin mu yanke hukunci, bari mu waiwayi tarihin wannan gurbi, domin an sha fuskantar wannan tambaya a baya, kuma an sha biyan kuɗin amsar da ba daidai ba.

AIKIN ƊAN RAK

Saboda sababbin shiga cikinmu, ga bayani a taƙaice. A ƙwallon Ostireliya kowace ƙungiya tana da mutum 18 a fili. Duk lokacin da za a fara zango, ko aka ci ƙwallo, ko ƙwallo ta maƙale a cunkoso, ko a wasu lokutan da ta fita gefe, alƙalin wasa ne ke sako ta sama. Mutum ɗaya daga kowane ɓangare zai tashi ya mare ta zuwa hannun abokan wasansa da ke jira a ƙasa. Wannan mutumin shi ne ɗan rak, kuma yawanci shi ne mafi tsawo a ƙungiyar. Hakan na faruwa sau da dama a kowane wasa, saboda haka jikinsa na shan karo fiye da na kowa. Bayan marin ƙwallo, ana kuma son ya bi wasa daga wannan ƙarshen fili zuwa wancan, ya cafe ƙwallon sama a gaban ragarsu, ya kuma je ya ci a ragar abokan hamayya idan hali ya yi.

ZAMANIN DA TSAWO BAI ZAMA DOLE BA

An rubuta dokokin farko na wasan a Melbourne a 1859, gasar VFL kuma, wadda ta koma AFL a 1990, ta fara a 1897. A shekarun farko ɗan rak ba lallai ne ya zama zanƙalele ba. Roy Cazaly, wanda ya yi tashe a South Melbourne a shekarun 1920, tsawonsa santimita 180 ne kacal, tsalle ne makaminsa. Jack Dyer na Richmond, mai wasa 312 tsakanin 1931 da 1949, ƙarfi da rashin tsoro ne suka ɗaukaka shi.

Wanda ya sauya tunanin mutane game da gurbin shi ne Graham Farmer, da aka fi sani da Polly, ɗan ƙabilar Noongar cikin 'yan asalin ƙasar, wanda ya tashi a gidan marayu a Perth. Farmer yakan yi tsalle kafin abokin karawarsa, ya cafe ƙwallon maimakon ya mare ta, sannan ya cilla ta da dunƙulen hannu zuwa ga abokin wasa da ke gudu a nesa. Ya zo Geelong a 1962, ya ji ciwo a gwiwa tun a wasansa na farko, ya dawo ya taka babbar rawa a cin kofin 1963. Abin lura a gare mu shi ne abin da ya biyo baya. Da ya bar Geelong bayan kakar 1967 yana da shekara 32, ya koma West Perth a matsayin kyaftin kuma koci, ya ci kofin jihar a 1969 da 1971. Babban abokin hamayyarsa John Nicholls na Carlton, mai santimita 189, ya ci kofi a 1972 yana kyaftin kuma koci, yana da shekara 33. Tun a wancan lokaci ke nan gurbin yana saka wa mai dabara da haƙuri.

SHEKARUN ZINARE

A 1973 aka zana wani yanki a tsakiyar fili, aka mayar da shi murabba'i a 1975, aka ce mutum huɗu kawai daga kowace ƙungiya ne za su shiga cikinsa lokacin da ake sako ƙwallo. Cunkoso ya ragu, marin ɗan rak ya fara isa inda aka nufa da shi, kowa ya fara ganin aikinsa a fili. Mu duba jerin waɗanda suka ci lambar Brownlow, wadda alƙalan wasa ke zaɓen gwarzon shekara da ita: Len Thompson a 1972, Gary Dempsey a 1975, Graham Moss a 1976, Graham Teasdale a 1977, Peter Moore a 1979 da 1984, Barry Round a 1981. Duka 'yan rak ne.

Labarin Barry Round ya fi dacewa da batunmu. A Footscray ya yi shekaru a inuwar Dempsey. Ya koma South Melbourne a 1976, ya ci Brownlow yana da shekara 31, ya buga wasa 328 a babbar gasa. Da aka ga kamar ya ƙare, sai ya sauka zuwa Williamstown a gasar VFA, ya zama gwarzon wannan gasa a 1987 yana da shekara 37, ya kuma jagorance su zuwa kofi a 1990 yana da shekara 40. Simon Madden na Essendon shi ma ya yi kaka 19, daga 1974 zuwa 1992, da wasa 378 da ƙwallaye 575.

Jim Stynes, ɗan Dublin da ya zo daga ƙwallon gargajiya ta Ireland bai san dokokin wasan ba, ya ci Brownlow a 1991, ya kuma buga wasa 244 a jere ba tare da fashin ko ɗaya ba. Scott Wynd ya ci a 1992. Adam Goodes ya raba lambar da wasu mutum biyu a 2003 lokacin yana riƙe da gurbin rak a Sydney. Daga nan har yau babu ɗan rak da ya sake ɗaga ta, ta koma hannun 'yan tsakiya masu yawan taɓa ƙwallo. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mana cewa ma'aunin da ake auna ɗan rak da shi yana sauyawa daga zamani zuwa zamani.

DARASIN PAUL SALMON

A ƙarshen 1995 Essendon ta bar Paul Salmon ya tafi Hawthorn. Salmon ya haura mita biyu, ya ci kofi da Essendon a 1985 da 1993, amma yawancin rayuwarsa a can a gaba aka ajiye shi yana cin ƙwallaye, domin gurbin rak na Madden ne. Raunuka sun dame shi, mutane da yawa na ganin ya zo gangara. Hawthorn ta ɗauke shi yana da shekara 30, ta damƙa masa rak gaba ɗaya. Ya zama gwarzon ƙungiyar a 1996 da 1997, ya shiga tawagar gwanayen shekara a 1997, ya buga mata wasa 100, har aka saka shi cikin tawagarta ta ƙarni. Ya yi ritaya a 2000, sai ga Essendon ɗin da ta sake shi ta sake kiransa a 2002 yana da shekara 37.

Dalilin da ya sa irin wannan ke yawan faruwa a gurbin rak ba ɓoyayye ba ne. Dogon yaro yana ɗaukar shekaru kafin jikinsa ya cika ya iya jure karo da manya. Dabarun gurbin kuma, wato inda za ka ajiye ƙafa, yadda za ka tokare ƙugun abokin karawa, lokacin da za ka tashi, da sanin inda kowane abokin wasanka ke son ƙwallo ta sauka, a cikin wasa ake koyonsu, shekara bayan shekara. Sannan abin da tsufa ke fara ƙwacewa shi ne gudu, alhali tsawo ba ya raguwa. Masu bin ƙwallon ƙafa a cikinmu sun san haka a wajen masu tsaron gida.

DOKOKI DA GWIWA

Amma akwai abin da ke kashe ɗan rak tun kafin tsufa, shi ne gwiwa. A ƙarshen shekarun 1990 da farkon 2000, 'yan rak kan taho a guje daga nesa su yi tsalle, kowa ya ɗaga gwiwa, gwiwa ta daki gwiwa. Jijiyar bayan gwiwa ta riƙa tsinkewa. Goodes kansa ya ji irin wannan ciwo a 2004, daga baya Sydney ta ɗauke shi daga gurbin. A 2005 AFL ta zana da'ira mai faɗin mita 10 a tsakiya, ta ce daga cikinta za a riƙa tasowa. Tazarar gudu ta ragu, irin wannan rauni ya ragu, wasan kuma ya karkata zuwa ga mai tsawo da mai ƙarfin jiki. Zamanin Dean Cox na West Coast ne da Aaron Sandilands na Fremantle mai santimita 211. Su biyun ba a ɗauke su a babban zaɓen sababbin 'yan wasa ba, ta ƙofar 'yan koyo suka shigo. Cox ya buga wasa 290 ya shiga tawagar gwanaye sau shida, Sandilands ya buga 271 ya shiga sau huɗu.

Wasu dokokin sun ƙara wa ɗan rak nauyi. Kafin a kawo canjin 'yan wasa na shiga da fita a 1978, a gefen raga ake ajiye shi ya huta. Daga 2011 zuwa 2015 an rage kujerun benci aka mayar da ɗaya ta ɗan canji guda, sai ƙungiyoyi suka fara ganin ɗan rak na biyu a matsayin almubazzaranci. Aka kuma ƙayyade yawan canji: 120 a 2014, 90 a 2016, 75 a 2021. A 2017 aka hana mutum na uku tsoma baki a tsalle, dole kowace ƙungiya ta nuna ɗan rak ɗinta. Sakamakon duk wannan shi ne mutum ɗaya ya riƙa ɗaukar mafi yawan aikin shi kaɗai. Wanda zai iya hakan sai mai dogon numfashi da sanin yadda ake tattalin ƙarfi, kuma wannan ilimin na tsofaffi ne.

YAWAN MARI BA SHI NE KOFI BA

Nan ne masu cewa kada a kashe kuɗi a kan ɗan rak suke da hujja mai ƙarfi, kuma dole mu saurare su. Sandilands ya yi shekaru yana mamaye sama, amma sau ɗaya Fremantle ta kai wasan ƙarshe, a 2013, Hawthorn ta doke ta da maki 15. Todd Goldstein na North Melbourne ya mari ƙwallo sau 80 a wasa ɗaya da GWS a 2015, ya kuma zarce Sandilands a yawan mari na tsawon rayuwa, amma bai taɓa buga wasan ƙarshe ba. Idan ɗan rak ya mari ƙwallo ta faɗa hannun abokan hamayya, an rubuta masa a littafi, amma ƙungiyarsa ba ta ƙaru da komai ba. Shi ya sa masu lissafi suka koma ƙirga marin da ya isa hannun abokin wasa kawai.

Mu kuma duba inda zakarun gasa suka samo 'yan rak ɗinsu. Geelong ta ɗauko Brad Ottens daga Richmond, ta ci kofi a 2007, 2009 da 2011. Collingwood ta ɗauko Darren Jolly daga Sydney, ta ci a 2010. Hawthorn ta ɗauko David Hale daga North Melbourne da Ben McEvoy daga St Kilda a shekarun da ta ci kofi uku a jere, 2013 zuwa 2015. Richmond ta ba Sydney zaɓi na 46 ta karɓi Toby Nankervis, ta ci kofi a 2017 bayan shekara 37 tana jira, ta ƙara a 2019 da 2020. A 2017 ma idan Nankervis zai huta, ɗan tsakiya Shaun Grigg ake turawa ya yi tsallen. Duk waɗannan mutane wata ƙungiya ce ta sha wahalar renonsu, wata ta ci moriyar.

Kuskure mafi tsada a tarihin baya-bayan nan a kan matashi aka yi shi. A Janairun 2020 Collingwood ta ba Brodie Grundy kwantiragin shekara bakwai, wanda jaridu suka ruwaito ya kai kusan dala miliyan 7 ta Ostireliya. Yana da shekara 25, ya shiga tawagar gwanaye a 2018 da 2019. A gasar da ke da iyakar kuɗin albashi, duk abin da ka ba mutum ɗaya ka hana wani ne. Grundy ya ji ciwon gwiwa a 2022, a ƙarshen shekarar aka tura shi Melbourne kan zaɓi na 27, Collingwood na ci gaba da biyan wani ɓangare na albashinsa. A 2023 ta ci kofi da Mason Cox, ɗan Texas ta Amurka, da Darcy Cameron, wanda wasa ɗaya tak ya buga wa Sydney kafin ya zo. A Melbourne kuwa an gwada haɗa Grundy da Gawn, abin ya ƙi, domin ba a sarki biyu a gari ɗaya. An sauke Grundy zuwa ƙaramar tawaga, daga nan ya koma Sydney, inda aka bar masa gurbin shi kaɗai ya kai wasan ƙarshe a 2024.

Akwai kuma asarar da ba a gani a takardar albashi. Muddin tsoho na riƙe da gurbin, yaro na zaune. A North Melbourne, Majak Daw, haifaffen Khartoum, ya yi shekaru yana neman gurbi a bayan Goldstein har aka mayar da shi baya a 2018. Braydon Preuss ya gaji da jira ya tafi. Tristan Xerri, da aka ɗauka a 2017, sai da Goldstein ya koma Essendon a ƙarshen 2023 yana da shekara 35 sannan ya samu fili, nan take kuma ya shiga sahun gaba a gasar.

TO INA GAWN YA FAƊA?

An ɗauki Gawn a zaɓi na 34 a 2009. Sau biyu aka yi masa aikin babbar jijiyar gwiwa tun yana ƙuruciya, kuma bai samu gurbi na dindindin ba sai a 2015. Ma'ana shekarun farkon rayuwarsa bai sha karon da tsararrakinsa suka sha ba. Ya shiga tawagar gwanaye a 2016, 2018, 2019, 2020, 2021, 2022, 2024 da 2025, ya wuce Cox, ya kamo su Gary Ablett ƙarami da Lance Franklin masu takwas-takwas.

Ƙimarsa ba ta tsaya a mari ba. A 2021 shi ya ci ƙwallo bayan busa ta ƙarshe a kan Geelong, Melbourne ta ƙare a saman teburi. Ya zura biyar a ragar Geelong ɗin a wasan kusa da na ƙarshe. Sannan ya ɗaga kofin a Perth bayan sun doke Western Bulldogs da maki 74, karo na farko tun 1964. Idan ƙwallo ta taso sama zuwa ragarsu, shi ne ke komawa baya ya tsaya a hanyarta ya cafe. Wannan aikin karanta wasa yake buƙata fiye da gudu, kuma shi ne abin da Nankervis ko Cameron na araha ba lallai su ba ka ba.

Amma a wannan wasan ƙarshe na 2021 akwai abin da bai kamata mu manta ba. A ƙarshen zango na uku, lokacin da Melbourne ta yi ruwan ƙwallayen da suka karya Bulldogs, Luke Jackson ne a tsakiya, yaro ɗan shekara 19. A ƙarshen 2022 Jackson ya koma ƙungiyar Fremantle da ke jiharsa ta haihuwa. Magajin da aka reno ya tafi, gwajin Grundy ya rushe, nauyi ya koma kan mutum ɗaya.

Ga kuma sababbin dokoki. A ƙarshen 2025 AFL ta sanar da cewa daga 2026 an daina buga ƙwallo da ƙasa a tsakiya, cilla ta sama za a riƙa yi, an soke tsarin ɗan canji guda an mayar da benci mutum biyar, sannan ɗan rak ba zai tsallake layin tsakiya ya je ya tokare abokin karawarsa kafin tsalle ba. Ta ɗaya da ta uku suna taimakon mai tsalle a kan mai kokawa, kuma tsalle na cikin abubuwan da shekaru ke ci. Ta biyu kuwa tana buɗe ƙofar sa 'yan rak biyu a wasa ɗaya ba tare da an yi asarar ɗan gudu ba.

Idan muka haɗa wannan tarihi, ga inda muka tsaya. Sakin Gawn saboda shekarunsa kawai maimaita kuskuren Essendon a kan Salmon ne. Ɗaure kai da dogon kwantiragi mai nauyi a kan kowane ɗan rak, tsoho ko yaro, maimaita kuskuren Collingwood a kan Grundy ne. Barin sa ya ci gaba da ɗaukar aikin duka shi kaɗai kuwa zai bar Melbourne da rami ranar da gwiwa ta ce ta gaji, ga shi dogon yaro na buƙatar shekaru kafin ya nuna. Abin da ya dace shi ne a riƙe shi da gajeren kwantiragi, shekara bayan shekara, a yi amfani da kujerar benci ta biyar a saka matashi kusa da shi, a ba matashin rabo na gaskiya a tsallen tsakiya ko da za a yi asarar wasu wasanni, shi kuma Gawn a ƙara masa lokaci a gaba da baya inda hannunsa ke da amfani.

Wannan shawara tana da rauni ɗaya, kuma mun san shi: an gwada raba gurbin a 2023 bai yi ba. Bambancin shi ne Grundy ya zo ne a matsayin gwani mai neman gurbinsa, alhali Jackson a 2021 almajiri ne mai koyo, kuma wannan haɗin ne ya kawo kofi. Waɗanda ke ganin a cikinmu cewa ƙungiya mai sabon gini gara ta sayar da kyaftin ɗinta tun yana da daraja, su kawo mana misalin inda hakan ya yi amfani a gurbin rak, mu auna shi da na Salmon da na Round.